Ba Nonon Goggo Hajo Ba Ne

Shekara bakwai ke nan cif da aka kai Yaya Lawali makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru ba. Bana shirun ya ƙi. Abin da ya hana shi kuwa wani saƙon murya ne da ya shigo wayata makon jiya, daga zauren hirar waya na matan unguwarmu a nan Ƙauran Namoda. Wata mata ce da ban sani ba, tana haki kamar an biyo ta, tana cewa kowa ya hana 'ya'yansa shan nonon kasuwa, wai masu tallan guba suke zubawa. Da ta so kafa hujja sai ta ce ai an taɓa yi a Zurmi, a wani gidan suna, wata Bafulatana mai suna Hajo ta kashe yarinya. Sau uku na saurara. Gidan sunan da take faɗi gidanmu ne, kuma na san abin da ya kashe yarinyar, don ina wurin.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Lawali wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba ni ce ta uku. Kimiyyar abinci ya karanta, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a nan Ƙaura. Aikinsa bin abin da muke ci da sha, ya gano ƙwayoyin cutar da ke ɓuya a ciki. Mu a gida ba mu ɗauki abin da daraja ba. Mutum ya yi karatu har ya gaji, sai ga shi ranar kasuwa bisa babur da kula, akwatin nan mai riƙe sanyi, ɗaure a baya, yana bin mata masu nono a Kasuwar Daji da Shinkafi, har Galadi, yana roƙon a ɗiba masa ludayi guda a kwalba. Ni na raɗa masa suna Sarkin Ɗanɗano, alhali ko ɗanɗanawa ba ya yi. Ya hana mu sakat a gida: kada a ci miyar da ta kwana sai ta sake tafasa, kada wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ta taɓa tumatirin kwaɗo. Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa da saurin baki. In ya fara sai in ce masa kakanninmu da ba su san kwalba ba ai sun tsufa. Sai ya ce, "Waɗanda sunka tsuhwa kinka sani, Luba. Ki tambayi Inna ɗiya nawa ta ruhe." Inna mahaifiyarmu ce, ta rasa huɗu tun suna goye, kuma duk zawo ne ya ɗauke su.

Shekara uku kafin rasuwarsa ƙanenmu Murtala ya samu ɗan fari, aka sa suna a gidanmu na Zurmi, ana tsakiyar bazara. Nonon fura Goggo Hajo aka ce ta kawo. Tun ban yi wayo ba ita ke kawo mana nono daga rugarsu da ke bayan gari, in ta gama talla ta shiga ɗakin Inna ta ci tuwo ta yi sallar azahar. A lokacin tsakanin gari da ruga ya riga ya yi tsami. An kore shanu, an tare mutane a hanya, an rufe gawawwaki a ɓangare biyu, kowa na kallon kowa da gefen ido. Gidaje da yawa sun daina barin masu nono su wuce zaure. Inna ba ta daina ba.

Ni na ɗauki alkawarin ƙanƙara. Daga Ƙaura na taho da ita cikin buhu, an lulluɓe ta da dusar katako, ina ji da kaina, don a zafin nan furar da ta sha ƙanƙara ita ce abin da mata za su tafi suna labari. Mota ta ɓata mini lokaci, ban iso ba sai da hantsi ya yi nisa. Maza sun riga sun raɗa suna, an dama musu fura haka nan ba sanyi, sun sha sun watse. An yanka rago, an feɗe, mata sun wanke tumbi da hanji a wani babban baho. Na duba ko'ina, duk roba da tukunya na cikin aiki, ƙanƙara kuma tana narkewa tana ɗiga a ƙafata. Sai na kifar da ruwan bahon nan, na ɗauraye shi sau ɗaya, na juye ƙanƙara a ciki, na ɗauko taɓarya.

Goggo Hajo na zaune a gindin bango tana jiran a juye nono a ba ta ƙwaryarta. Ta ce, "Ɗiyata, wanga baho na kayan ciki na. Ki sa mai toka da ruwan zahi tukuna."

Na ce, "Haba Goggo, ƙanƙara ta hwa. Mi za shi rayu cikin ƙanƙara?"

Matan da ke kusa suka yi dariya. Ba raini kaɗai ne ya sa na faɗi haka ba, na yarda da abin da na faɗa. Dukanmu mun yarda. Sanyin da ke cizon hannu har ya sandare, a ganinmu babu abin da zai bari da rai. Na farfasa ta, na juye ta da ruwanta cikin babbar robar fura. Robar nan ta zauna a rumfa daga azahar har bayan la'asar, mata da yara suna ɗiba, ƙanƙara ta narke, fura ta ɗumama, ana ta sha. Ni ko kurɓa ban yi ba, hidima ta sha kaina.

Washegari kafin azahar unguwa ta rikice. Amai da gudawa da zazzaɓi, gida bayan gida, har bencin asibiti ya cika aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Da safiyar kwana na biyu Rashida ta cika. Shekararta huɗu, 'yar Mu'azu direba ce, maƙwabcinmu katanga ɗaya. An yi ta neman jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa ba a samu ba. Kafin a dawo daga maƙabarta kalmar guba ta zagaye garin. Goggo Hajo ba ta san abin da ake ciki ba, ta shigo gari da ƙwarya a ka kamar kullum. A bakin masallaci aka tare ta, aka fasa ƙwaryar, aka fizge mata mayafi. Mai unguwa ne ya kutsa ya janye ta, ya shigar da ita cikin gidansa wurin iyalinsa, ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofa. Samari suka ce ko a ba su ita, ko su tafi ruga. Kowa ya san abin da zuwa ruga yake nufi a kwanakin nan, ya kuma san abin da zai biyo baya.

Yaya Lawali bai samu sunan ba, aiki ya riƙe shi a Shinkafi. Ran nan ya iso. Bai nufi inda ake hayaniya ba. Littafi ya ɗauka ya shiga gida-gida yana tambaya: wa ya sha me, kuma da wane lokaci. Wasu sun amsa, wasu sun zage shi, wata tsohuwa ta ce masa ana makoki shi yana ƙidayar ludayi. Kafin la'asar ya riƙe bakin zaren. Mazan da suka sha furar safe duk lafiyarsu lau. Waɗanda suka kwanta duk furar rana suka sha. Nonon kuwa ɗaya ne, daga ƙwarya ɗaya.

Ya shigo tsakar gidanmu, ya ɗibi ragowar nonon da Inna ta ajiye a ɗaki ba a dama ba, ya ɗibi ragowar furar rana da wata maƙwabciya ta rage a kofi. Sannan ya tsaya ya ce, "Mi anka ƙara ma hurar rana wadda babu ga ta sahe?" Aka ce ƙanƙara. Ya ce, "Cikin mi anka hwasa ta?" Wata ta nuna bahon da ke jingine da bango. Ya tsuguna da auduga a tsinke, ya bi duk inda wuƙa ta karce bahon yana gogewa, ya sa a kwalba ya rufe. Da ya miƙe ya dube ni sau ɗaya. Ya san wa ta yi alkawarin ƙanƙara. Nan take na sha jinin jikina.

Kwana uku ya roƙa a wurin mai unguwa. Mu'azu na tsaye, ƙasar kabari ba ta bar ƙafarsa ba, ya ce, "Ɗiyata tana ƙasa, kai kana man zancen kwalba?" Yaya ya ce, "Mu'azu, in nonon na, ni da bakina za ni hwaɗi gaban kowa, ba ni ɓoye ma. Kwana ukku kawai." Mai unguwa ya ce an ba shi, ya kuma ce duk wanda ya taɓa ƙofarsa kafin nan sai ya fara taka shi.

Ba don jan rai ya ce kwana uku ba. Ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu, sai an yi kiwonsu. Ana shafa abin da aka ɗebo a ƙananan farantai na gilashi masu ɗauke da abincinsu, a sa a wani akwati mai ɗumin jikin mutum, a jira su hayayyafa su fito ɗigo-ɗigo, sannan a sake ware su a gane irinsu. Ba a yi musu gaggawa. In wuta ta ɗauke sai ya tayar da janareto, ya tsaya a kansa. A Zurmi kuwa ana jifan kwanon rufin gidan mai unguwa da duwatsu, mutanen ruga sun janye shanunsu cikin daji, Inna tana aika wa Goggo Hajo tuwo safe da yamma ana bin ɗan aikenta da baƙar magana. Ni na koma ɗakina a Ƙaura, na ƙona tuwo sau biyu, mijina yana tambayata ko ni ma cutar ce. Kwana na biyu na sa mayafi na tafi wurin aikin Yaya da niyyar in faɗa masa komai. Na tsaya a bakin ƙofa, na gan shi sunkuye a kan farantai, na tambaye shi ko ya ci abinci, na juyo.

Matar mai unguwa ta gaya mini daga baya cewa a kwana ukun nan an tambayi Goggo Hajo ya fi a ƙirga, wa ya taɓa furar, me ta gani. Amsarta ɗaya ce: ta kawo nono, ta ajiye, abin da ta sani ke nan. Cinikin ranta ake yi a ƙofar gida, kalma ɗaya za ta juyar da idon mutane kaina, ba ta faɗe ta ba.

Rana ta uku bayan azahar ya jera farantansa a kan tabarma a ƙofar mai unguwa. Ni ma na dawo Zurmi, ina cikin zaure tare da mata, taku biyu tsakanina da Goggo Hajo. Bai yi wa kowa daɗin baki ba. Ya ce bai ce nononta ya fi na kowa tsabta ba, kuma babu nonon da ba a tafasa madararsa ba da zai rantse a kai. Amma ƙwayar da ta kwantar da mutane irin ta hanjin dabba ce, ya same ta a baho, ya same ta a furar rana, bai same ta a nonon ba. Ya ce sanyi ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi, da fura ta ɗumama suka farka suka yi yawa. Ya ce, "Ba guba ba ta. Kuma ba daga ruga ta hito ba, daga gidanmu ta hito." Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce to wa ya fasa ƙanƙarar a bahon? Yaya ya ce gwajinsa baho ya nuna, bai nuna hannu ba. Goggo Hajo ta juyo ta dube ni. Ni kuma na dubi yatsun ƙafata.

An sake ta, mai unguwa da kansa ya raka ta har bayan gari, ba a je ruga ba. Wannan kaɗai ya isa a tuna Yaya Lawali da alheri, don Allah kaɗai ya san rai nawa kwana ukun nan suka tsare. Amma garin bai gamsu ba. Ɗigo a kan gilashi ba ya cika zuciyar wanda ya rufe 'yarsa. Aka ce ai abokin Fulani ne, kullum yana gindin ƙwaryarsu, rufa musu asiri ya yi. Aka ce yaushe baho ya taɓa kashe mutum. Da a ranar wata 'yar gidan ta miƙe ta ce ni na yi, kuma matar nan ta hana ni ban ji ba, da maganar ta mutu a wurin. Ba wanda ya sake sayen nonon Goggo Hajo a Zurmi. Kafin ruwan farko ya sauka rugarsu ta tashi, aka ce sun yi wajen Jangeru.

Sau ɗaya tak ya yi mini maganar. Bayan wasu makonni ya zo gidana, na kawo masa ruwa, ya ce, "Luba, ni na hwaɗi abin da hwaranti ya nuna. Sauran yana wurinki. Ba ni hwaɗin shi madadinki, amma ina jira." Na hau shi da faɗa. Na ce so yake a jefe ni, so yake aurena ya mutu, a riƙa nuna 'ya'yana ana cewa uwarsu ta kashe yarinya. Ya shanye ruwansa ya tafi. Shekara uku bai sake tayar da zancen ba, bai kuma canza mini fuska ba. In ya zo sai ya ɗauki 'ya'yana ya yi musu wasa, ya tsokane ni a kan gishirin miya. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ina ta cewa sai an kwana biyu, sai zukata sun huce, har ranar da mota ta yi karo da babur ɗinsa a hanyar dawowa daga kasuwar Shinkafi. Aka kawo mana kularsa a fashe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Hanyar Galadi da yake bi shi kaɗai da kula, yanzu sai an yi ayari ana addu'a. Rugagen da ya sani da sunan matan cikinsu yawanci sun zama kufai. Ƙauyawa da suka gudo sun cika kangaye a Ƙaura, gida goma na ɗiban ruwa a jarka ɗaya, yara na kwanciya da zawo ana cewa sauyin wuri ne. Ƙanƙara kuwa ta yi arha, kowane lungu da firjin sola, kuma har gobe za ka ji mace mai hankali tana cewa ai sanyi ya kashe komai. Zai yi murna da wasu abubuwa, ban musa ba. Na ga masu nono da ke tafasa madara kafin su kwantar da ita, wasu a cikinsu shi ya koya musu a gindin bishiya. Amma da ya ji saƙon muryar nan na san abin da zai fara tambaya: wa ya sha me, da wane lokaci. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, yau wa zai ba shi kwana uku? Kafin ya ɗaure kula a babur saƙon ya kai Shinkafi ya dawo.

Ranar kasuwar da ta wuce na tafi Kasuwar Daji ina tambaya, har aka nuna mini Dije, 'yar Goggo Hajo. Tana can gefe da ƙwaryarta a rufe da faifai, rana ta take amma ko rabi ba ta sayar ba, don saƙon ya riga ni zuwa. Ta ce mahaifiyarta ta rasu shekara biyu da suka wuce, can gaba da Jangeru. Na tsuguna na faɗa mata ko ni wace ce da abin da na yi. Na zaci za ta tashi ta tara mini jama'a. Sai ta gyara faifai ta ce, "Mun sani. Inna ta hwaɗa muna tun can. Tac ce kada mu kai zancen waje, gidan da ta ci tuwo na. Tac ce mai hannun za ta hwaɗi da bakinta, in tana da rabo." Na rasa inda zan sa kaina. Na ce ta dama mini, na zauna a nan kan ƙasa na sha a idon kowa, hawaye na zuba a ludayi.

Daga nan na wuce Zurmi, na sa Murtala ya raka ni wurin Mu'azu. Ya bar tuƙi, gemunsa ya yi fari. Na faɗa masa tun daga buhun ƙanƙara har zuwa zauren mai unguwa, ban rage komai ba. Da na gama ya ce, "Rashida kwananta ya ƙare. Na yahe miki." Na buɗe baki in yi godiya, sai ya ce, "To ni wa za shi yahe man? Ni na hwasa mata ƙwarya."

Shiruna bai tsaya a kaina ba. Ya kori tsohuwa daga garin da ta saba, ya bar wana ya mutu ana ce masa maƙaryaci, ya bar mutumin kirki shekara goma yana tsanar wadda ba ta yi masa komai ba, ga shi yanzu ya dawo ta waya yana neman raba Dije da abincinta.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Lawali, ba zan ce takardunsa ba, don suna cikin akwati ƙwari na ci. Abin da ya rage shi ne ya nuna mana ana iya tsayawa a tambaya kafin a ɗauki sanda, kuma in gwaji ya nuna gidanku ne, ka ce gidanmu ne. Ya faɗi rabinsa a ranar da faɗin yake da haɗari, ya bar mini nawa rabin. Jiya na ɗauki muryata na tura zauren matan nan, ga shi kuma ina rubutawa don wanda bai ji ba ya karanta. Ni ce Luba, ƙanwar Lawali. Ni na fasa ƙanƙara a bahon kayan ciki ranar sunan gidanmu, bayan Goggo Hajo ta hana ni. Ba nononta ba ne.

Allah ya yi wa Rashida da Goggo Hajo rahama, ya haskaka kabarinka, Yaya. Ka jira shekara uku da ranka, bakwai a ƙasa. Na faɗa.